Akori-Kura da Kayanta: Nauyin da Mota Ke Iya Ɗauka da Wanda Take Iya Ja a Hanyoyin Kudancin Kano

Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa



Gabatarwa

Batun da za mu yi magana a kansa yau shi ne nauyin da ƙaramar motar ɗaukar kaya, watau akori-kura, take iya ɗauka da kuma wanda take iya ja, musamman a kan hanyoyi masu wuya irin na ƙasarmu. Mai yiwuwa ne wani ya ce wannan ai zancen tasha ne da garejin makanikai, me ya kawo shi zauren jami'a? To, sai mu tuna masa cewa da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan, kuɗin rajistarmu a bayan akori-kura ya fito, gama masarar da iyayenmu suka sayar suka biya mana, ita ce ta kai ta kasuwa. Ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti in dare ya raba, ita ke ɗaukar kayan amarya, ita ke mayar da 'yan cin kasuwa gida suna zaune bisa buhuna. Abin da rayukan iyayenmu da ƙannenmu suka rataya a kansa kuwa bai ƙasƙanta ga mai neman ilmi ba.

Abu guda muke fata kowa ya fita da shi daga wannan zaure: ba a gane ƙarfin mota a wurin tashi, sai a wurin tsayawa. Duk bayanin da zai biyo baya hujja ce ta wannan magana.

Ƙasar da Hanyoyinta

Duk wanda ya san Kwanar Dangora ya san mahaɗa ce. Babban titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta. Wata hanya ta yi yamma ta nufi Gwarzo da Dayi, wata kuma ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta ratsa ƙasar Doguwa, ta nufi Saminaka da Jos. Wannan yanki shi ya fi ko'ina a Jihar Kano samun ruwan sama, saboda haka ya zama rumbun masara da shinkafa da dawa da rake. Shi ne kuma ya fi tuddai da duwatsu, musamman wajen Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Daɗin daɗawa, madatsar ruwa ta Tiga da gwamnatin Audu Bako ta gina, wadda aka kammala a cikin 1974, ta buɗe ƙofar noman rani, har ya zama jigilar amfanin gona ba ta yankewa rani da damina.

Sai dai buhu ba a bakin kwalta yake tsirowa ba. Tsakanin gona da titi akwai hanyar burji mai gargada, akwai jigawa mai kama taya, akwai fadama, akwai rafin da ba shi da gada balle kwalbati. Gingimari ba ta shiga nan. Babur ba ya ɗaukar abin kirki, amalanke kuwa sai ta wuni a kan abin da mota za ta yi cikin rabin sa'a. Wannan giɓi shi akori-kura ta zo ta cike, shi ya sa aikinta ya fi na kowace mota wahala.

Yadda Akori-Kura ta Samu Gindin Zama

Jirgin ƙasa ya iso Kano a cikin 1911, layinsa kuma ya bi ta Dangora, amma jirgi a tasha yake jiran kaya, jakai da takarkarai da 'yan dako su ne ke kawo masa. Ƙaramar motar kaya ba ta zama ruwan dare a ƙauyuka ba sai a zamanin arzikin man fetur. A cikin 1975 kamfanin Peugeot, wanda jama'a ke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, akori-kura samfurin 404 da kuma 504 suka bazu a kowace kasuwa. Tare da su akwai na Japan, irin su Datsun da Isuzu da Toyota Hilux wadda aka fara ƙerawa a cikin 1968. Waɗannan motoci sun yi suna wajen juriya. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987, sojojin Chadi a bisa akori-kurar Toyota suka fatattaki rundunar da ke da tankokin yaƙi a Fada da Wadi Dum. Amma abin da ake mancewa shi ne da sauƙin nauyi da zafin nama suka yi wannan nasara.

Bayan tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka, aka koma kan na hannu. Ke nan mafi yawan akori-kurar da ke aiki a ƙauyukanmu ta riga ta ci ƙuruciyarta a hannun wani. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Iyakar da Maƙera Suka Yanka

A jikin kowace mota akwai ɗan faranti ko takarda, galibi a bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji, inda aka rubuta iyakar nauyin motar tare da duk abin da ke cikinta. Idan aka ɗebe nauyin motar ita kaɗai daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne lodinta na halal. Ga akori-kura irin su 504 da Hilux, wannan lodi yana wajen kilo 1,000, watau tan ɗaya, ya ɗan haura ko ya ɗan gaza gwargwadon samfuri. Ga ƙananan nan na Japan irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, dokar ƙasar da ta ƙera su kilo 350 kawai ta yarje musu, watau buhu uku da rabi na masara.

A nan ne kuskure na farko yake. Mutane suna zaton tan ɗayan nan na kayan da ke cikin bodi ne kaɗai. A'a, direba yana ciki, yaron mota yana ciki, mai kaya yana ciki, haka jarkar mai da ƙarafan da mai walda ya ƙara don a ji daɗin tula kaya. Mu yi lissafi. Maza uku sun kai kilo 200. Saura 800. Buhun masara cikakke yana wajen kilo 100, ke nan buhu takwas ne rabon motar, ko buhun taki 16 mai kilo 50, ko duro huɗu na ruwa mai lita 200, shi ma da ƙyar. To, mu ɗauka an loda mata buhu 20, mutum goma suka hau bisa, abin da ba baƙo ba ne ga idon wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar kasuwa. Buhuna kilo 2,000, mutane goma kamar 650, ga na gaba 200: jimla 2,850. An ɗora mata kusan ninki uku na abin da aka yi ta dominsa.

Kuma za ta tashi. Wannan shi ne abin da ke ruɗin mutane. Giya ta ɗaya tana ninka ƙarfin inji sau da yawa, saboda haka ko injin da ya gaji yana iya motsa kaya mai yawa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Direba ya ga ta tashi, sai ya ce ai mota ta ɗauka. Amma inji ɗaya ne daga cikin abubuwan da aka duba kafin a yanka iyaka, kuma shi ne na ƙarshen gazawa.

Abin da Ke Gazawa

Na farko taya. A gefen kowace taya akwai lambar da ke nuna nauyin da za ta iya riƙewa. Alal misali, tayar akori-kura da aka rubuta wa 195R14C da lamba 106, iyakarta kilo 950 ne, shi ma in an cika ta da iska yadda aka ƙayyade. Biyu na baya ke nan 1,900, a ciki har da nauyin bayan motar kanta. Tun da mafi yawan lodi a kan tayoyin baya yake sauka, buhu 20 su kaɗai sun haye wannan iyaka kafin mutum guda ya hau. Tayar da aka danne tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da wayoyin da ke cikinta, sai ta fashe ba sallama. In ta gwanjo ce abin ya fi muni. Shekarunta ma a rubuce suke da lambobi huɗu: 2519 na nufin mako na 25 na shekarar 2019.

Na biyu birki. Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota ya zama zafi. Motar da nauyinta kilo 2,000 ne, da lodinta na ƙa'ida ta zama 3,000, da wancan lodi da muka lissafa kuwa ta zama 4,850. Zafin da birkinta zai sha ya ƙaru da fiye da rabi. Gudu kuma ya fi nauyi sharri: in aka ninka shi daga kilomita 40 zuwa 80 a sa'a, zafin yana ninkuwa sau huɗu. A doguwar gangara irin ta ƙasar Doguwa, inda ƙafa ba ta sauka daga birki, ƙarfe yana yin zafi har ya daina kamawa. Man birki irin na yau da kullum, yana sabo, sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, amma yana tsotsar laima, in ya tsufa yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da ya tafasa sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Maganin gangara shi ne a sauko da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe motar, birki ya huta.

Na uku daidaiton mota. In baya ya zauna, gaba yana ɗagawa, tayoyin da ke juya mota su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu su kalli sama su kashe wa mai zuwa ido. In kuma aka jera kaya suka yi tsiri, mutane suka zauna can ƙololuwa, nauyi ya koma sama, ƙaramar kwana ko ramin gefen hanya ya isa ya kifar da ita. Wanda ke bisa buhu kuwa ba shi da abin riƙewa sai igiya.

Akwai wata dabara da ta zama al'ada, watau a kai mota gareji a ƙara mata sifirin don kada bayanta ya zauna. Lalle za ta miƙe tsaye, ta yi kyan gani. Amma ba a ƙara mata birki ba, ba a ƙara mata taya ba, ba a ƙara wa boris ƙarfi ba, shasi kuma, watau ƙashin bayanta, yana nan yadda yake. Abin da aka yi kawai shi ne an rufe bakin mai gargaɗi, gama zaman da baya ke yi shi ne yadda mota ke gaya wa mai ita cewa kaya sun yi mata yawa.

Ɗauka Daban, Ja Daban

Masu tallar motoci suna alfahari da nauyin da motarsu ke ja. Wasu samfuran Hilux da Ford Ranger na 'yan shekarun nan an yarje musu jan kilo 3,500. Amma akwai sharaɗi: sai in abin da ake ja yana da birkin kansa. In ba shi da shi, iyakar ba ta wuce kilo 750. Mu dubi abin da ake ja a wajenmu: tankin ruwa, injin casar masara ko shinkafa, 'yar tirelar da mai walda ya haɗa. Wanne ne cikinsu yake da birki? Tankin lita 1,000 ruwansa kaɗai tan ɗaya ne. A kan gangara shi ne zai riƙa tura motar, in aka taka birki a kwana ya ture bayanta gefe.

Har wa yau, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela yana sauka ne a kan maƙalar da ke bayan mota, wannan kuma daga lodinta ake ɗebe shi. Ba a cika bodi taf sa'an nan a ja cikakkiyar tirela, dole ɗaya ya rage wa ɗaya.

Yadda ake samo waɗannan lambobi ma abin lura ne. A Amurka ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta tsara jarrabawa mai lamba J2807. A ciki akwai hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, tsawon kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne, sa'an nan akwai gwajin tashi a kan tudu da gwajin tsayawa. Jarrabawa ce mai tsanani, amma sabuwar mota ce ke yin ta, da sababbin tayoyi, a kan lafiyayyar kwalta. Motar da ta shekara ashirin ko talatin tana aiki, a kan burjin da ruwa ya zaizaye, ba ta da hakkin ta jingina da wannan sakamako. Lambar da ke jikin faranti rufin ɗaki ce, kuma kowace gargada da kowace shekara tana sauko da shi ƙasa.

Sai jan motar da ta mutu, wanda a ƙauye akori-kura ce janwe. Motar da injinta ke kashe birkinta yana yin tauri, haka sitiyarinta in mai taimakon inji ne. Jan ta da igiya a gangara kasada ce, sandar ƙarfe ita ta fi, don ita ke hana ta baya afka wa ta gaba. In kuma mota ta kafe a laka, kada a ɗaura sarƙa a bamba a fizga, kada kuma 'yan kallo su tsaya kusa, domin ƙarfen da ya tsinke ba ya zaɓen wanda zai sama. A fara sauke kaya tukuna.

Lokutan Shekara

Kowane lokaci da irin jarrabawarsa. Da damina, musamman Yuli da Agusta, laka ce da rafuka. Mota mai jan ƙafa huɗu tana fita inda wata ta kafe, amma kada a manta kowace mota da ƙafa huɗu take tsayawa, saboda haka a wurin birki ba ta fi sauran da kome ba. Da kaka kaya ne suke yawa, kowa yana gaggawa, hanyoyi kuma ba su warke daga ɓarnar ruwa ba. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska, inji ya rasa numfashi, hazo ya rage gani, alhali mota mai nauyi ita ta fi bukatar a hango abu daga nesa. Da bazara, a Maris da Afrilu, zafi yana kai wa digiri 40, lagireto ya tafasa a kan hawa, taya ta fashe a kan kwalta. Wanda ya nufi Jos kuma ya sani injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300, Jos kuwa tana bisa mita 1,200.

Laifin Wane Ne?

Abu ne mai sauƙi mu zauna a inuwar jami'a mu zagi direba. Adalci shi ne mu duba lissafinsa. A kan kowane buhu ake biyansa. Man da zai ƙona da buhu takwas bai bambanta sosai da wanda zai ƙona da ashirin ba, ga balas na mai mota, ga kuɗin tasha, ga 'yan kamasho, ga abin da hanya ke ci. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ya ƙara tsanani. Manomi shi ma so yake a kwashe kayansa a sawu ɗaya. Matar da ta hau bisa buhu ba don sha'awa ta hau ba, don ba wata motar ne. Kowa yana da uzuri, sai dai ƙarfe ba ya karɓar uzuri. Ribar buhunan da aka ƙara bashi ce, ana biyan ta da taya da kuloci da kwanakin da mota ke yi a gareji, wata rana kuma da rai. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Hanya ma tana biya. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan jerin taya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkuwa kamar sau 16. A kan kwalta manyan motoci ne ke da kaso mafi girma na wannan ɓarna. Amma a kan jiƙaƙƙen burjin ƙauye, akori-kurar da aka yi wa obalodi ita ke haƙa kwarin da gobe ita da 'yan'uwanta za su kafe a ciki.

Shawarwari

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a cikin 1988, ta sa wuce ƙa'idar lodi cikin laifuffuka. Amma doka ba ta kaiwa inda ake lodin, watau bakin gona da tsakar kasuwa. Saboda haka muna ba da shawara kamar haka.

Na ɗaya, 'yan'uwanmu masu karatun injiniya su tsara allo da Hausa, da boko da ajami, mai nuna buhu nawa kowace irin mota ke ɗauka, a kafa a tashoshin Kwanar Dangora da Tudun Wada da sauransu, tare da shugabannin direbobi, ba a bayan idonsu ba.

Na biyu, a raba mutane da kaya. In ma ba a iya kome ba, a iya wannan: kada ɗan Adam ya zauna bisa lodi.

Na uku, manoman ƙauye guda su haɗa kayansu, akori-kura ta yi ta fito da su kaɗan-kaɗan zuwa bakin titi, babbar mota irin kanta ta ɗauki doguwar tafiya. A yi cinikin gajeren zangon a kan sawu da nisa, domin muddin a kan buhu ake biya, obalodi ba zai ƙare ba.

Na huɗu, ƙananan hukumominmu huɗu su gyara hanyoyin gona da kwalbatoci da zarar ruwa ya ɗauke, kafin kaka ta kankama, su kuma sa sikeli a manyan kasuwanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Shugaban taro, kakanninmu fatake sun san jaki yana iya tashi da kayan da ba zai kai su zango ba, saboda haka suke auna mangala da nisan tafiya da halin hanya. Jaki yana durƙushewa ya nuna gajiyarsa, mota kuwa shiru take yi sai ranar da za ta yi magana gaba ɗaya. Ilmin da aka aiko mu nema zai yi amfani in muka koma gida muka karanta wa kawunanmu da yayyenmu direbobi abin da ke rubuce a jikin motocinsu, cikin ladabi, da harshen da suke ji. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

 Allah ya kiyaye matafiya, ya sa albarka a abin da aka noma.